Abin Da Malamin Turanci Ke Yi Bayan An Tashi Daga Makaranta

Daga Wakilinmu

Cikin shekarar 1932 aka ɗauki wani saurayi ɗan shekara 21, mutumin Kagara, wanda bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba, aka ba shi aikin koyar da Turanci a makarantar Midil ta Katsina. Aikin da ake biyansa albashi dominsa shi ne ya tsaya gaban allo ya koya wa yara harshen Ingilishi, ya duba littattafansu, ya ba da maki. Amma saurayin nan yana da wani abin sha'awa wanda ba a rubuta shi cikin takardar ɗaukarsa aiki ba, watau karanta littattafan hikaya na Larabci da na Turanci, ga shi kuma Allah ya ba shi baiwar tsara labari. Sunansa Malam Abubakar Imam.

Da shekara ta kewayo, cikin 1933, sai Baturen nan na Hukumar Talifi da ke Zariya, Dokta Rupert East, ya shiga zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su shiga gasar ƙaga labari da Hausar boko. Littattafai 5 aka zaɓa aka buga, su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Uku daga cikin marubutan nan malaman makaranta ne, biyu kuwa a Midil suke koyarwa, Imam a Katsina, Tafawa Ɓalewa a Bauci.

Dalilin da ya sa muka tuno da wannan tarihi shi ne wata tambaya da ta shafi ƙananan makarantun sakandare na ƙasar Rano da Kibiya, da ma sauran garuruwan kudancin Jihar Kano. Tambayar ita ce, me malamin Turanci yake yi da lokacinsa bayan an kaɗa ƙararrawar tashi, kuma wane amfani wannan yake yi wa alƙalamin almajiransa?

MALAMAN MIDIL

In mai karatu ya duba littattafan nan da kyau zai ga kowane marubuci daga gida ya fara. Abubakar Imam ya kafa labarinsa a Kwantagora, ƙasar da aka haife shi, har ya sa wa jarumin littafin sunansa. Bello Kagara ya ɗauko zuwan Turawa Kwantagora, abin da mutanen ƙasarsu suka gani da idonsu. Tafawa Ɓalewa kuma ya zaunar da Shaihu Umar a Rauta, kusa da Bauci, yana ba almajiransa labarin rayuwarsa a zamanin cinikin bayi. Sun karanta littattafan wasu ƙasashe, sun kuma amfana da su ƙwarai, amma da suka tashi rubutu sai suka waiwayi ƙofar gidansu.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Cikin 1936 aka aro Malam Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda har gobe ake karantawa a makarantu. Cikin Janairu 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne ya zama editanta na Hausa na farko. Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista cikin 1957, aka kuma mai da littafinsa sinima cikin 1976. Malam Aminu Kano, wanda ya fara koyarwa a Midil ta Bauci cikin 1942, ya shahara da tsara wasannin kwaikwayo tun yana ɗalibi, ya kuma ci gaba da yin su tare da yaransa. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su san labarin ƙasarsu da tarihinta ta hanyar waƙa. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Babu ko ɗaya daga cikin ayyukan nan da aka wajabta wa malami a cikin manhaja. Sha'awa ce ta kansu, suka shigo da ita makaranta, yara suka ga malaminsu yana riƙe da alƙalami don ransa yana so. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

MAGAJIYAR MIDIL

Yau babu makarantun Midil. Ta Kano ita ce ta zama Kwalejin Rumfa. Wadda ta gaji matsayinsu a tsarin ilmi na yanzu ita ce ƙaramar sakandare, mai aji uku, wadda ta samu da tsarin nan na 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi cikin 1982. Yaro yakan shige ta yana da shekara 12 ko 13, watau daidai lokacin da hankalinsa ya fara buɗewa, hannunsa kuma ya fara sabawa da biro. In ya fita aji uku bai iya haɗa jimla biyar da kansa ba, to da wuya ya iya daga baya.

Al'amarin ba na wasa ba ne. A jarrabawar gama babbar sakandare ta Afirka ta Yamma, ana bukatar ɗalibi ya rubuta insha'i da Turanci wanda bai kasa kalma 450 ba, kuma duk wanda bai ci Turanci da kyau ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya fi kowa iya lissafi. Bugu da ƙari, tsarin koyar da 'yan firamare da harshen uwa, wanda Gwamnatin Tarayya ta amince da shi cikin 2022, Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke shi cikin Nuwamba 2025. Ko mutum ya yarda da wannan mataki ko bai yarda ba, nauyin da ke wuyan malamin Turanci ya ƙaru.

To, yaya ake koyar da insha'i a yawancin makarantunmu? Duk wanda ya zauna a benci a ƙaramar sakandare ya san amsar. Malami zai rubuta wasiƙa guda a allo, ko bayani a kan babban aboki, ko a kan yadda aka yi hutu, yara su kwafe, su haddace. Ranar jarrabawa aji duka babban abokinsu ɗaya ne, tsawonsa ɗaya, abincin da ya fi so ɗaya. Yaron da bai taɓa wuce Kwanar Dawaki ba sai ka ga ya rubuta cewa ya yi hutunsa a bakin teku a Ikko, domin haka ya gani a allo. Ran da aka canza tambayar kuwa, sai ido ya raina fata.

MALAMI MAI TANTABARU

Ni mai wannan rubutu a wannan yanki na yi ƙaramar sakandare, fiye da shekara 20 ke nan, kuma irin wancan insha'i na fara haddacewa. Da muka shiga aji biyu aka kawo mana wani sabon malamin Turanci, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin ban nemi izninsa ba. Mutum ne mai son kiwon tantabaru. Ya rataye tukwane a jikin katangar gidan da yake haya, yana kuma da ɗan lambu a bayan gida inda yake shuka yakuwa da tumatir da salak. Ban da wannan, kullum akwai wani ƙaramin littafi cikin aljihun rigarsa, in ya ji tsoho ya yi karin magana a kasuwa ko a wurin ɗaurin aure, sai ya koma gefe ya rubuta. Mutanen gari suna yi masa kallon mai wata 'yar taɓuwa.

Makonsa na biyu ya raba mu ƙungiya-ƙungiya, ya ba kowace ƙungiya tukunya guda ta riƙa lura da ita. Sharaɗin shi ne kowane yaro ya rubuta jimla uku da Turanci kullum a kan abin da ya gani da idonsa, ya sa kwanan wata a sama. Da haka muka gano cewa tantabara ƙwai biyu take yi, da cewa namiji da mace karɓa-karɓa suke yi wajen kwanci, da cewa ƙyanƙyasa takan zo bayan kwana 18 ko kusa da haka. Da haka kuma muka koyi bambancin abin da ya faru jiya da abin da ke faruwa yanzu a nahawun Turanci, abin da aka yi shekara guda ana rubuta mana a allo bai shiga ba. Babu wanda ya iya kwafar na wani, domin tukunyar kowa da abin da ke cikinta.

Wata rana da safe aka tarar kyanwa ta cinye 'ya'yan tukunya guda. A ranar nan yaran da ke lura da ita suka cika shafi guda cur, har da wanda ba ya iya rubuta sunan garinsu daidai. Turancin cike yake da kurakurai, amma kowa ya fahimci abin da ya faru da yadda ransu ya ɓaci. Malamin bai jiƙa takardun da jan biro ba. Kuskure iri ɗaya yakan zaɓa kowane mako, ya gyara shi a allo, ya ce kowa ya koma ya nemo shi cikin nasa rubutun.

A zango na uku ya aike mu gida. Ya ce kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a gidansu ya tambaye su wata sana'a da suka yi wadda yanzu an bari, ya rubuta amsar da Hausa kamar yadda aka faɗa masa, sa'an nan ya taƙaita ta da Turanci. Ni kakata na tambaya a kan kaɗi. Ta yi mini bayanin gurzar auduga a kan magurji, da shiɓa, da yadda ake murza mazari a cikin taskira, da allin da ake shafa wa yatsu, da ranar kasuwar da take kai zare. Ta yi ta dariya wai yau boko ya zo neman ilmi wurin jahila. Damina mai zuwa Allah ya yi mata rasuwa. Shafi biyun nan da na rubuta su kaɗai ne maganarta da ta rage a hannunmu.

Malamin ya tattara rubuce-rubucen ajin duka, ya ɗinke su da zare, ya ajiye a ofis da niyyar a buga. Kafin a yi haka aka canza masa wurin aiki. Daga baya iska ta yaye rufin ofishin, ruwa ya lalata takardun. Nawa ya tsira ne kawai don na kwafe shi a littafina. Har yau in na tuna abin da ke cikin sauran, na masaƙa da maƙera da majema da fatake, sai in ji takaici, domin galibin tsofaffin da aka tambaya sun riga mu gidan gaskiya.

ABIN RUBUTU A ƘOFAR GIDA

Yaron Rano ko na Kibiya ba shi da dalilin aron bakin tekun Ikko. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, shi ya sa ake yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. A cikin labarin da aka gada na rabon aiki tsakanin 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne sarakunan baba, watau masu rini. To, yara nawa ne a cikin ajin yau suka san inda marinar garinsu take, ko yadda ake haɗa baba da toka a karofi, ko abin da ake yi da katsi? Wannan kaɗai ya isa aikin zango guda.

Ga duwatsun da suka kewaye Rano da na Rurum, kowanne da sunansa da labarin da ake bayarwa a kansa. Ga ragowar ganuwa da sunayen ƙofofi da unguwanni. Ga madatsar ruwa ta Tiga da aka gina daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, wadda ta canza noma a kudancin Kano ta kawo noman rani na tumatir da shinkafa da alkama. Akwai dattawa da rai waɗanda suka ga ƙasar kafin ruwan ya zo, suka kuma gan ta bayan ya zo, wasunsu ma an tashe su daga gidajensu da gonakinsu. In ba a tambaye su yanzu ba, nan da 'yan shekaru babu wanda za a tambaya.

A ƙasar Kibiya, wadda ke gabas da Rano, yaro yana iya bin asalin sunan Tarai ko Durba ko Fammar ko Nariya ko Ruwan Bago, ya ji ta bakin mai unguwa da limami da tsofaffin mata, ya gwada inda maganganunsu suka dace da inda suka saɓa. Yana iya zuwa kasuwa mako huɗu a jere ya rubuta farashin kwanon dawa da na masara da na wake, ya bayyana dalilin hawa da sauka. Yarinya tana iya bin aikin ƙuli-ƙuli tun daga suyar gyaɗa har matsar mai, ta lissafa abin da uwarta ta kashe da abin da ta samu.

Har tarihin da ake ciki ma abin rubutu ne. Cikin 2019 aka ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. Cikin Mayu 2024 aka soke dokar, sa'an nan cikin Yuli na wannan shekara aka sake kafa ta a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Yaran da ke aji uku yau duk a gabansu aka yi wannan. Abin da suka gani ranar hawan salla, da abin da suka ji iyayensu suna faɗa, shi ne masu tarihi za su nema nan gaba.

Irin wannan aiki an gwada shi a wasu ƙasashe an ga amfaninsa. Cikin 1966, a wata makaranta da ke cikin duwatsun Jihar Jojiya ta Amurka, yaran ajin Turanci suka fara zuwa wurin tsofaffin ƙauyukansu suna tambayarsu yadda ake gina ɗakin katako, da dafa sabulu, da magungunan gargajiya. Suka riƙa bugawa a wata 'yar mujalla mai suna Foxfire. Cikin 1972 aka tattara aka yi littafi, wasu littattafan suka biyo baya, aka sayar da miliyoyinsu. Yaran ƙauye ne kamar namu, waɗanda da farko ba sa son darasin Turanci.

HAUSA KO TURANCI

Wani zai ce, malamin Turanci aka ɗauka, me ya haɗa shi da rubutun Hausa? Amsar tana ga Abubakar Imam, wanda Turanci yake koyarwa amma da Hausa ya yi suna, kuma ɗayan bai rage ɗayan da kome ba. Wahalar insha'i kashi biyu ce, sanin abin da za a faɗa da tsara shi, sa'an nan samun kalmomin faɗarsa. Yaron da aka ɗora wa duka biyun lokaci guda, a cikin harshen da ba ya ji sosai, dole ya koma ga hadda. In an bar shi ya fara tsara tunaninsa da Hausa, ya san farko da tsakiya da ƙarshe, to rabin aikin ya ƙare, saura neman kalmomi, wanda shi ne aikin malami da ƙamus.

Kuma rubutun Hausa kansa hanya ce. Kano ita ce cibiyar littattafan hikaya da suka yawaita tun daga shekarun 1980, inda marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka fito. Cikin 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata. Yarinyar da ke zaune a benci a Kibiya yau tana iya zama ɗaya daga cikin irin waɗannan, in ta sami wanda ya karanta shafinta na farko ya ce ta ƙara.

MATSALOLI DA MAFITA

Ba za mu ɓoye ba, malamin yau yana cikin halin da malamin Midil bai sani ba. Midil makarantar kwana ce mai yara kaɗan, zaɓaɓɓu daga lardi duka, malami yana zaune tare da su dare da rana. Yau aji a cike yake maƙil, wani wuri babu kujeru, albashi kuma ba ya kai wata. Malamai da yawa in an tashi gona suke nufa, ko shago, ko su ɗauki babur su shiga haya. Wanda ya ce wa irin wannan mutum ya duba insha'i ɗari kowane mako bai yi masa adalci ba.

Amma gonar nan da shagon nan da babur ɗin su ma abin rubutu ne, kamar yadda tantabaru suka zama. Malamin da ke noman rani yana iya sa yara su bi tumatir daga reno har kwando. Mai sha'awar ƙwallon ƙafa ya sa su rubuta rahoton wasan da aka yi a filin gari. Mai sauraron rediyo ya sa su taƙaita labarin da suka ji da safe. Ba sai ya duba na kowa kowane mako ba. Yana iya duba kashi ɗaya cikin huɗu, sauran su karanta wa juna, mafi kyau a manna shi a jaridar bango ranar Litinin. Abin da ake bukata littafin rubutu ne da biro da ɗan kwali. Wayar hannu da ke aljihun malami ta isa ta ɗauki muryar tsoho da hoton kowane shafi, don kada abin da ya sami takardun ajinmu ya sake faruwa.

Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi cikin Yuni 2024. Gyaran azuzuwa da ɗaukar malamai su ne kan gaba, haka kuma ya kamata. Muna dai roƙon Ma'aikatar Ilmi da ofisoshinta na shiyya su tuna da wannan ɗan ƙaramin aiki. A ware wa kowace ƙaramar sakandare abin da zai isa ta buga rubutun yaranta sau ɗaya a shekara, ko da shafi 20 ne, a ajiye kofe a makaranta, a kai wani ɗakin karatu. A riƙa lissafa irin wannan ƙoƙari lokacin ƙarin girma. Masarautar Rano da masu hali na Rano da Bunkure da Kibiya suna iya sa gasa tsakanin makarantu, kamar yadda gasar 1933 ta fito da malaman da ba a san suna da wannan baiwa ba.

Iyaye kuma, in yaro ya zo da littafi yana tambayar kakansa yadda aka yi kaza, kada a kore shi a ce ya cika surutu. A shimfiɗa masa tabarma a ba shi amsa. Malamai kuwa, duk wanda yake da wani abin da ransa ke so, kada ya bar shi a gida ranar Litinin. Allah ya sa mu dace, amin.